Lissafin jarrabawar shiga makarantar koyon aikin jinya: daga ina zan fara?

Maman_Hanif:

Assalamu alaikum. Malamai da 'yan uwa, shawara nake nema. Na cike fom ɗin makarantar koyon aikin jinya, jarrabawar shiga saura mako shida. Bayoloji da Kemistiri ba na fargabarsu, lissafi ne ya tsaya mini a wuya. C6 na samu a NECO, kuma shekara huɗu ke nan rabona da aji. Na ɗauko tambayoyin shekarun baya na gwada guda 20, bakwai kawai na ci. Wata ta ce in haddace fomulolin SS3 gaba ɗaya, wata kuma ta ce lissafin magani ake tambaya. Wanne zan kama? Sannan ana barin mutum ya shiga da kalkuleta?

Malam_Mai_Alli:

Wa alaikumus salam, Maman Hanif. Kafin ki haddace komai, koma kan goma sha ukun nan da kika faɗi, ki raba su kashi uku: waɗanda ba ki san hanyarsu ba sam, waɗanda kin san hanya amma hannu ya kuskure, da waɗanda Turancin tambayar ne ya ɓatar da ke. A wurin wanda ya daɗe bai zauna aji ba, kashi na biyu ne yakan fi yawa, kuma maganinsa ba ya cikin littafin SS3, yana cikin na firamare shida da JSS1. Kada ki ji kunyar aro littafin ƙaninki.

Mako na farko ki ba wa jadawalin sau, daga 2 zuwa 12. Ba rerawa irin ta 'yan firamare ba, wadda sai an faro daga bakwai sau ɗaya kafin a isa bakwai sau takwas. Ki yanka kwali ƙanana, ki rubuta 7 × 8 a gaba, 56 a baya, ki cakuɗa ki riƙa zarowa. Wanda ya ɗauke ki fiye da daƙiƙa uku ki ware shi gefe, gobe da shi za ki fara. Inda aka fi tuntuɓe shi ne 6 × 7, 6 × 9, 7 × 8, 7 × 9 da 8 × 12. Duk wanda jadawalin nan bai zauna masa ba, rage firakshan da doguwar rabawa za su cinye masa lokaci ko da ya san hanya.

Sai desimal, wato lambobi masu ɗigo. Nan ne ake asarar maki mafi yawa, don haka bari in ɗan tsaya.

A tarawa da ɗebewa, ɗigo ake jerawa a ƙarƙashin ɗigo, ba lambar ƙarshe ba. 12.5 + 0.75 + 3: ki mayar da su 12.50 da 0.75 da 3.00, ki jera, amsa 16.25. Wanda ya jera ta dama kamar lambobin yau da kullum zai tashi da 203, ya rasa inda zai dasa ɗigonsa.

A ninkawa kuwa ki manta da ɗigon tukuna. 0.3 × 0.2: uku sau biyu shida. Yanzu ƙirga lambobin da ke bayan ɗigo a dukkan biyun, ɗaya da ɗaya, biyu ke nan. To amsar ma lamba biyu za ta samu bayan ɗigo: 0.06. Mafi yawan ɗalibai 0.6 suke rubutawa, kuma mai shirya tambaya ya san da haka, shi ya sa za ki tarar da 0.6 zaune a cikin zaɓin yana jiranki.

A rabawa, abin da kike rabawa da shi ne dole ya rabu da ɗigonsa. 4.5 ÷ 0.05: matsar da ɗigon 0.05 gida biyu ya zama 5, shi ma 4.5 ki matsar masa gida biyu ya zama 450. 450 ÷ 5 = 90. Kada ki tsorata don amsa ta fi abin da aka raba girma. Tambayar cewa take, 0.05 nawa ne a cikin 4.5? Ƙaramin cokali ai sau da yawa zai shiga kafin ya kwashe kwano.

Wani tarkon shi ne kwatantawa. Tsakanin 0.8 da 0.75 da 0.125 wanne ya fi girma? Ido yakan tafi kan 0.125 saboda tsawonsa. Cika su da sifiri su zama tsawo ɗaya: 0.800, 0.750, 0.125. Magana ta ƙare.

Firakshan kuma ba baƙonmu ba ne, sunan ne kawai na Turanci. Rabi, sulusi, rubu'i, humusi, sudusi, sumuni, ushiri, duk kin san su tun daga Islamiyya. Ɗauki rabon gado: mutum ya rasu ya bar mata da uwa da 'ya'ya mata biyu. Mata sumuni, 1/8. Uwa sudusi, 1/6. 'Ya'ya mata sulusi biyu, 2/3. Malamin gado ba ya tara su haka nan, sai ya nemo lambar da 8 da 6 da 3 duk suke shiga ba saura, wato 24. Mata 3, uwa 4, 'ya'ya 16, jimla 23/24, saura 1/24. Wannan 24 ɗin ita ce LCM ɗin da ake ta ba ku tsoro da ita. Kuskuren da ake yi shi ne a tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, a ce 1/2 + 1/3 = 2/5. Tsaya ki duba: kina da rabi, aka ƙara miki wani abu, ta yaya za ki koma ƙasa da rabi? Amsar 3/6 + 2/6 = 5/6.

Rabawa: juya na biyu ki ninka. 3/4 ÷ 1/8 = 3/4 × 8/1 = 6. Na biyun ake juyawa, ba na farko ba. In kuma aka haɗo cikakkiyar lamba da firakshan, kamar 5¼ − 2¾, ki narkar da su tun farko: 21/4 − 11/4 = 10/4 = 2½. Masu ƙoƙarin aro a nan sukan aro 10 kamar a ɗebewar yau da kullum, alhali 4/4 ake arowa.

Waɗannan ki haddace su kamar lambar wayarki: 1/2 = 0.5 = 50%, 1/4 = 0.25 = 25%, 3/4 = 0.75 = 75%, 1/5 = 0.2 = 20%, 1/8 = 0.125 = 12.5%, 1/3 kuwa 0.333 ne da ba ya ƙarewa. Zakkar kuɗi, ɗaya cikin arba'in, ita ce 2.5%.

Abu na ƙarshe, BODMAS, wato ƙa'idar abin da ake fara yi in lissafi ya haɗa alamomi da yawa. An koya wa yara shi kamar tsani, D (rabawa) kafin M (ninkawa), A (tarawa) kafin S (ɗebewa), kuma ba haka yake ba. Rabawa da ninkawa matsayinsu ɗaya, daga hagu ake bin su zuwa dama. Haka tarawa da ɗebewa. 24 ÷ 4 × 3 = 18. Sannan 10 − 4 + 3 = 9. Wanda ya ce sai ya tara 4 da 3 tukuna don A ta riga S, 3 zai samu, kuma ya faɗi.

Anti_Nas:

Malam, Allah ya saka da alheri, ka gama da tushe. Ƙanwata, wadda ta ce miki lissafin magani ake tambaya ta yi gaba da yawa. Wannan sai kin shiga za a koya miki shi a darasin ilimin magunguna. Amma ma'aunai da reshiyo suna fitowa a jarrabawar shiga, kuma in kin koye su da misalan asibiti kin jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, don a intabiyu ma ana iya jefo miki irinsu.

Tsanin nauyi hawa huɗu ne, tsakanin kowane hawa 1,000: kilogiram, giram, miligiram, maikirogiram. Lita ɗaya mililita 1,000. In kina saukowa daga babba zuwa ƙarami ki ninka, ɗigo ya tafi dama gida uku. In kina hawa ki raba, ya tafi hagu gida uku. 0.5 g = 500 mg. 0.125 mg = maikirogiram 125. 750 ml = lita 0.75. Tsawo ne yake karya wannan tsari, shi ya sa ake ruɗewa: mita ɗaya santimita 100, santimita ɗaya milimita 10. Wanda ya saba da dubu-dubu sai ya ce mita 1.6 santimita 1,600 ce, ya mayar da mutum dogon bene.

Ka'idar da ba a karyawa: kada ki fara lissafi sai ma'aunan biyu sun zama iri ɗaya. An rubuta giram 1, ƙwayar da ke hannu 500 mg ce. Mayar da giram ɗin 1,000 mg, raba da 500, ƙwaya biyu.

Na maganin ruwa hanyarsa ɗaya ce: abin da ake so, a raba da abin da ke cikin kwalba, a ninka da yawan ruwan da yake ciki. Lissafi nake nuna miki, ba magani nake rubuta wa kowa ba. Farasitamol na yara akwai mai 120 mg a cikin 5 ml. Yaro mai kilo 12, an ce 15 mg kowane kilo: 12 × 15 = 180 mg. 180 ÷ 120 × 5 = 7.5 ml. Kafin ki taɓa biro ma ya kamata ki ce a ranki, 180 ya fi 120 amma bai kai ninkinsa ba, don haka amsa tana tsakanin 5 da 10. In kika ga 75 ko 0.75 kin san ɗigo ne ya zame. Allurar Jentamaisin mai 80 mg a 2 ml, ana son 60 mg: 60 ÷ 80 × 2 = 1.5 ml. Wanda ya kifa firakshan ɗin, ya sa 80 a sama, 2.7 ml zai samu, wato fiye da abin da ke cikin kwalbar gaba ɗaya, alhali ƙasa da kwalba ake nema.

Wannan ƙiyasin kafin lissafi shi ne abin da nake so ki ɗauka daga duk maganata. A takardar jarrabawa zamewar ɗigo gida ɗaya maki ɗaya ne. A gadon jariri ninki goma ne na magani. Saboda haka ne a asibiti ake hana rubuta .5, sai 0.5, don in ɗigon bai fito ba za a karanta 5. Haka ake hana 5.0, don kada a karanta 50. Ki saba da wannan rubutun tun yanzu.

Kashi cikin ɗari a jikin ledar ƙarin ruwa yana nufin giram nawa ne a cikin 100 ml. Ruwan gishiri mai 0.9% giram 0.9 ne a 100 ml, giram 9 a lita. Ruwan suga mai 5% giram 5 a 100 ml, ke nan ledar 500 ml tana ɗauke da giram 25.

Reshiyo kuma ki lura da bambancin kashi da jimla. Ana haɗa ruwan kashe ƙwayoyin cuta mai ƙarfin 0.5% daga bilic mai 3.5% da awo ɗaya na bilic, awo shida na ruwa. 1:6 ke nan, jimla awo bakwai. In aka ce ki haɗa lita 14, da 7 za ki raba ba da 6 ba: bilic lita 2, ruwa lita 12. Ita ce dai tambayar da za a kawo miki da kuɗi, a ce a raba ₦72,000 tsakanin mutum biyu a kan 3:5. Jimla 8, kowane kashi ₦9,000, ɗaya ₦27,000, ɗaya ₦45,000. Tara su ki gani ko sun koma 72,000.

Sai lokaci, wanda ba ya tafiya da goma-goma. Awa 1.5 awa ɗaya da minti 30 ne, ba da minti 50 ba. Awa biyu da kwata 2.25 ne, ba 2.15 ba. Lissafin ɗigar ƙarin ruwa a kansa ya dogara: yawan ruwa sau ɗigon da ke cikin mililita ɗaya, a raba da mintuna. Robar ƙarin ruwa ta manya yawanci ɗigo 20 ce a mililita, ta yara 60, kuma a rubuce yake a jikin ledarta. Lita ɗaya cikin awa 8: 1,000 × 20 ÷ 480 = 41.7, a ce ɗigo 42 a minti, tunda ba a ƙirga rabin ɗigo.

Zafin jiki: 37 a ma'aunin Salshiyos shi ne 98.6 a Farenhait. Daga C zuwa F, ninka da 9, raba da 5, ƙara 32. 39 ya zama 102.2. In za ki dawo, ɗebe 32 TUKUNA: 104 − 32 = 72, sau 5, raba da 9, 40. Wanda ya fara da ninkawa zai samu wajen 25.8, ya ce mai zazzaɓi ya fi gawa sanyi.

Abban_Sadiq:

Malam da Anti sun yi bayani mai kyau, amma ina da ɗan ja. In ta tsaya a nan za ta shiga ɗakin jarrabawa ta ga rabin tambayoyin ba ta taɓa su ba. Jarrabawar daga manhajar sakandare ake ɗebo ta. Sharaɗin Hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta Najeriya kiredit biyar ne, Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, a zama bai wuce biyu ba, don haka masu shirya tambaya suna ɗauka kin san lissafin WAEC da NECO. A JAMB kam mai neman aikin jinya ba ya rubuta lissafi, Turanci ne da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji. Sai dai ko can ba ki tsira ba: in aka ce a Kemistiri giram 5.85 na gishiri mol nawa ne, alhali mol ɗaya na gishiri giram 58.5 ne, 5.85 ÷ 58.5 = 0.1, rabawar desimal ɗin Malam ce ta dawo da wata riga.

Ga waɗanda suke yawan fitowa, kuma kowannensu da raminsa.

Riba da faɗuwa a kan kuɗin saye ake lissafa su. An sayar da kaya ₦6,000 aka ci ribar 20%, nawa aka saye shi? Ba 20% na 6,000 za ki cire ki ce 4,800 ba. 6,000 ita ce 120%, don haka 6,000 ÷ 120 × 100 = 5,000. Haka ƙari da ragi: daga 8,000 zuwa 10,000 ƙarin 25% ne, amma daga 10,000 zuwa 8,000 ragin 20% ne, domin da inda aka taso ake rabawa.

Kuɗin ruwa, PRT/100, wato uwar kuɗi (P) sau kashi cikin ɗari (R) sau lokaci (T), a raba da 100, T ɗin kuwa shekara ce. ₦50,000 a 8% na wata 9: T = 9/12, amsa ₦3,000. In kika sa 9 kai tsaye ₦36,000 za ki samu.

Reshiyo mai juyawa: leburori 6 sun yi aiki a kwana 10, leburori 4 fa? Tambayi kanki, kwanakin ƙaruwa za su yi ko raguwa? Ƙaruwa. 6 × 10 ÷ 4 = 15.

Matsakaici: ɗalibai 10 matsakaicinsu 60, wasu 30 nasu 80. Ba 70 ba ne. 600 + 2,400 = 3,000, raba da 40, 75.

Ki kuma bambance tambaya mai cewa d.p., wato gida nawa bayan ɗigo, da mai cewa s.f., wato lambobi nawa daga ta farkon da ba sifiri ba. 0.004567 zuwa 2 s.f. 0.0046 ne, don sifirin gaba ba a ƙirga su. Ki ƙara da ƙa'idojin indisis, nemo x a lissafi mai sauƙi, da faɗin murabba'i da da'ira. Logaridim da tirigonometiri ki bar su sai ƙarshe, in lokaci ya rage.

Turancin tambaya ma ki kula da shi. Kalmar of tsakanin lambobi ninkawa ce, product ninkawa, quotient rabawa, difference ɗebewa. Increase by 20% daban, increase to daban.

Batun kalkuleta: JAMB ba ta barin a shiga da ita, akwai ƙarama a fuskar kwamfutar. Na makaranta kuwa kowace da dokarta, ki duba takardar gayyatarki, amma ki yi shiri kamar babu. Ga dabarar kashi cikin ɗari da ka: 17.5% na 2,400. Kashi goma 240, rabinsa 120, rabin wannan 60. Tara, 420.

Rabon makonnin: biyu na farko abin da Malam ya faɗa, na uku na Anti, na huɗu da na biyar waɗannan nawa, na shida tambayoyin baya kawai da agogo a gabanki, minti ɗaya kowace tambaya. Minti 45 kullum bayan Asuba ya fi awa biyar ranar Asabar. Tambayar da ta ƙi fita cikin minti ɗaya ki tsallake ki dawo mata. Kuma tunda zaɓi huɗu ne a gabanki, wani lokacin mayar da amsoshin cikin tambayar ya fi warware ta sauri.

Littattafan tambayoyin baya da ake sayarwa a bakin makarantu ki yi hattara da amsoshin da ke bayansu, akwai kurakurai. In kin bi hanya sau biyu kin samu abu ɗaya, littafi ya ce wani abu, kai wa malamin lissafi ya raba gardama.

Maman_Hanif:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Na raba kurakuran kamar yadda Malam ya ce: tara na hannu ne, uku ban san hanya ba, ɗaya Turanci. Na gwada waɗannan biyun, a duba mini. 0.6 ÷ 0.02 na samu 30. Sai 500 ml cikin awa huɗu da rabi da roba mai ɗigo 20, na samu ɗigo 23 a minti.

Anti_Nas:

Na farko daidai. Na biyu kin rubuta awa huɗu da rabi a matsayin 4:30, kika raba da 430. Awa huɗu minti 240 ne, ƙara 30, 270. 500 × 20 = 10,000, raba da 270, ɗigo 37. Da kin yi ƙiyasi da kin kama shi: ɗazu lita ɗaya a awa 8 ta ba mu 42, rabin lita a awa 4 ma 42 ɗin ne, ƙarin rabin awa ba zai sauko da shi har 23 ba. Da wannan saurin naki ledar sai ta haura awa bakwai ba ta ƙare ba.

Gwada wannan kafin gobe: an ɗaura ledar da ƙarfe 9:40 na dare, za ta yi awa shida da rabi. Ƙarfe nawa za ta ƙare? Ki tara awanni daban, mintuna daban, in mintunan sun kai 60 ki mayar da su awa ɗaya.